Agogon Masu Nutso na Japan: Me Zai Amfana wa Uwa a Kazaure?

Wataƙila maigida ko babban ɗanki ya taɓa miƙo miki waya yana nuna miki hoton wani agogo mai kauri, da zobe mai lambobi kewaye da fuskarsa, yana yabonsa kamar sabuwar amarya. Irinsa ake kira agogon masu nutso, kuma kamfanonin Japan irin su Seiko da Citizen da Orient suna fitar da sababbi kusan kowace shekara. Tambayar da za ta fara zo miki ita ce: mu da babban ruwanmu bai wuce dam ɗin Kazaure da kududdufan damina ba, ina mu ina agogon shiga teku? Tambayar tana kan hanya. Amma kafin ki ce almubazzaranci ne, bari mu duba abin da ke cikinsa, domin akwai darasin da ya shafi ran ɗanki.

Daga ina ya fito?

Sunan Seiko ba baƙo ba ne a gidajenmu. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun ga Seiko 5 a hannun iyayenmu da kakanninmu, wasu tsarabar Makka ce. Kamfanin ya samo asali ne daga shagon agogo da Kintaro Hattori ya buɗe a Tokyo a 1881. A 1965 ya fitar da agogon nutso na farko a Japan, mai jure zurfin mita 150. Bayan shekara uku, wani mai sana'ar nutso daga yankin Hiroshima ya rubuto musu wasiƙa yana kukan cewa agogunansu ba sa jure irin zurfin da yake aiki. Sai da suka shekara bakwai suna bincike, sannan a 1975 suka fito da wanda ke kai mita 600.

Sababbin da maza ke rububi a kansu yanzu jikokin waɗancan ne. A 2024 Seiko ya sabunta samfurin 1965 a jerin da yake kira Prospex: ya kai mita 300, kuma in an ajiye shi yana kwana uku bai tsaya ba. A 2025 kuma ya fitar da na musamman don cika shekara 60.

Yadda yake aiki ba batir

A cikin agogon akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin faifai. Duk lokacin da hannu ya motsa, sai ya juya ya ɗaure sifirin, shi kuma sifirin ya riƙa warwarewa a hankali yana tura hannayen agogon. Wato daka da tankaɗe da shara duk caji ne a wurinsa. In aka cire shi aka ajiye, masu araha sukan yi kusan awa 40 kafin su tsaya.

Yana da nasa aibin. Masu arahar sukan yi gaba ko baya da sakan da dama a kowace rana, har ma rabin minti. Ɗan Casio mai batir ya fi shi riƙe lokaci nesa ba kusa ba. Masu sha'awarsa sun san haka. Ƙwarin aikin da daɗewarsa suke saye.

Abu uku ne suka bambanta shi da sauran agoguna. Yana jure ruwa, lambobinsa da hannayensa suna haske a duhu, sannan ga zoben nan mai juyawa. Mai nutso yakan juya alamar zoben ta daidaita da hannun minti kafin ya shiga ruwa, sai ya riƙa ganin minti nawa ya yi a ƙasa. Gefe ɗaya kawai zoben ke juyawa, don ko ya bugi dutse ya goce, lokacin da zai nuna ya fi na gaskiya yawa, mutum ya fito da wuri. An ƙera shi ne don mutumin da numfashinsa ya rataya a kan ƙidayar minti.

Minti ɗaya da kowace uwa ya kamata ta iya

A nan aikinmu na jinya ya haɗu da wannan agogo. Mu ma numfashi muke ƙirgawa. Lokacin hunturu yara sukan cika asibiti da tari da mura, kuma a cikinsu akwai masu nimoniya, wato ciwon sanyin haƙarƙari, wanda ke cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Alamarsa ta farko da uwa za ta iya ganewa a ɗaki ita ce saurin numfashi.

Ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. Ki ɗaga rigarsa, ki kalli cikinsa ko ƙirjinsa. Tashi da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Ki ƙirga har hannun sakan ya zagayo inda ya fara, minti ɗaya cif. Ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar:

Jariri ɗan ƙasa da wata 2: numfashi 60 ko fiye ya yi sauri.
Daga wata 2 zuwa wata 11: 50 ko fiye.
Daga shekara 1 zuwa 5: 40 ko fiye.

In kin samu haka, ki kai shi asibiti a ranar. In kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada ki jira gari ya waye. Ga matan ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, inda neman abin hawa da dare aiki ne, wannan ƙidaya ce za ta ba ki hujjar tada maigida. "Numfashinsa 56 ne a minti" ya fi "kamar jikinsa ba daɗi" nauyi a kunnen miji, haka ma a kunnen ma'aikacin lafiya.

Zoben ma yana da amfani a gida. Yaro mai gudawa in ya amayar da ruwan gishiri da sukari, ana jira minti 10 a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan. Mai naƙuda kuma ana so a san tazarar da ke tsakanin ciwo da ciwo. Waya tana iya duk wannan, gaskiya ne. Sai dai a daren da ba wuta, wayar ce fitilar da kike haska ƙirjin yaron da ita, in ma da caji ke nan.

In za a saya

Sabon Seiko 5 Sports yakan kai ɗaruruwan dala, wasu Prospex kuma sun haura dala dubu. Ki lissafa da canjin yau, ki kwatanta da kuɗin makaranta da buhun gero. In maigida yana da hali kuma yana so, ga abin da za ki tuna masa.

Agogon nutso na ainihi yana bin ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6425, kuma akan rubuta DIVER'S 200m ko makamancin haka a fuskarsa. Seiko 5 Sports na yanzu kama kawai ya yi da na nutso. Yana jure alwala da wanki da ruwan sama, amma ba na shiga zurfi ba ne. Wanda aka rubuta wa mita 30 kuwa, fantsamar ruwa kaɗai yake ɗauka.

Jabu sun yi yawa a kasuwa. Hannun sakan na agogo marar batir yana tafiya ne sumul, kamar yana zamewa. In ya ga yana tsalle ɗaya-ɗaya alhali an ce masa marar batir ne, ya ajiye. Wannan gwajin farko ne kawai, don akwai jabun da su ma suke zamewa, saboda haka ya nemi katin garanti, ya tafi da mai gyaran agogon da ya yarda da shi. Araha ba ta ado. Bayan an saya, a tabbata ɗan kunnen saita lokaci a ɗaure yake kafin a taɓa ruwa, kuma a nisanta shi da ruwan zafi da tururi, domin suna lalata robar da ke tare ruwa.

In kuwa babu hali, ba abin damuwa. Duk agogon da ke da hannun sakan zai yi aikin, ko na bango ne, ko na lefenki da ke kwance a akwati yana jiran batir. Ki fito da shi yau. Ki gwada ƙirga numfashin yaronki yanzu da yake lafiya, yana barci, don idonki ya saba, ki kuma koya wa kishiya da babbar 'yarki. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.