Dabarar Cin Ƙwallo A Shagunan Wasan Na'ura Na Gusau

A Gusau, babban birnin Jihar Zamfara, da garuruwan Tsafe da Bungudu, akwai shagunan da samari ke taruwa da maraice suna buga ƙwallon ƙafa a na'urar PlayStation. A yawancin irin waɗannan wurare wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa, saboda haka sanin hanyar raga magana ce ta aljihu.

Dabarar da gwanaye suka fi dogara a kanta tsohuwa ce, kuma an daɗe da saninta a wani wasan da ba a yi a ƙasar nan, watau ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda mutanen Kanada ke ji da ita. A shekarar 1993 kamfanin EA Sports ya fito da wasan NHL '94, inda ɗan wasa zai miƙa wa abokinsa ƙwallo ta gaban raga, shi kuwa ya doka ta nan take ba tare da ya tsayar da ita ba. Mai tsaron gida ya riga ya karkata gefe guda, kafin ya juyo aikin gama ya gama.

Haka abin yake a ƙwallon ƙafa ta na'ura. Gwani yakan bi ta gefen fili har ya kusa layin ƙarshe, 'yan baya su biyo shi, sa'an nan ya mayar da ƙwallo baya, ƙasa-ƙasa, ga wanda ke tahowa daidai wurin bugun fenariti. A kan ƙanƙara an yarda ɗan wasa ya zagaya ta bayan raga ya miƙo daga can. A nan kuwa layin ƙarshe shi ne iyaka.

Sabon shiga bai san wannan ba. Yakan ɗauki ɗan gaba mai gudu, ya danne maɓallin sauri, ya kutsa ta tsakiya shi kaɗai, a ƙwace, a juyo a ci shi. In ma ya isa, sai ya daɗe yana danna maɓallin bugu, ƙwallo ta tashi sama da raga.

Idan gwanaye biyu suka haɗu, kowa yakan ajiye mutum ya tare wurin fenaritin. A nan sai mai ƙwallo ya yi kamar zai miƙa, ya doka da kansa ta kusurwar da ke kusa da shi.