Dangantakar Ruwa da Saɓa a Jikin Macijin Kiwo

Bahaushe ya san saɓar maciji, yakan tsince ta a gindin kuka ko bakin suri. Amma a Amurka da Turai mutane da dama suna kiwon macizai a gida, musamman wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa in ta tsorata, wadda ake sayo ta daga Gana da Togo da Benin. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa galibin matsalar saɓa ga irin waɗannan macizai daga ƙarancin ruwa take tasowa.

Idan lokacin saɓa ya kusa, sabuwar fata takan fito ƙarƙashin tsohuwa, wani ruwa kuma ya taru a tsakaninsu domin ya raba su. Shi ya sa idon maciji kan yi hazo, ya koma shuɗi-shuɗi, domin ba shi da fatar ido, sai wani ɓawo garai-garai wanda shi ma yake fita tare da saɓar. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, sai macijin ya goga bakinsa a dutse, ya zare fatar gaba ɗaya, cikinta a waje.

A daji wannan mesa takan ɓuya cikin ramuka da suri, inda akwai laima. A akwatin kiwo kuwa, in iska ta bushe tamkar ta hunturu, ruwan nan ba ya isa, sai saɓar ta fita gutsi-gutsi. Abin da ya maƙale a wutsiya yakan shaƙe ta har jini ya daina gudana, ƙarshenta ya mutu. Wanda ya rage a ido kuwa yakan rage gani, ya jawo ciwo.

Saboda haka masu kiwo kan ajiye laimar akwati a kashi 50 zuwa 60 cikin 100, su ƙara ta lokacin saɓa. Sukan sa kwanon ruwa mai faɗi, da maɓoya mai jiƙaƙƙen tsumma, da dutse mai kaushi. In saɓa ta maƙale, akan sa macijin cikin ruwa mai ɗan ɗumi marar zurfi, amma ɓawon ido aikin likitan dabbobi ne, ba a ɓamɓare shi da hannu.

A taƙaice, saɓa ita ce shaidar mai kiwo: in ta fita cikakkiya, lalle macijin ya wadata da ruwa.