Iskar Masitala a Cikin Batirin Mota

Masitala ƙaramin ƙauye ne kusa da kasuwar Wimbe, a gundumar Kasungu da ke tsakiyar ƙasar Malawi. Mutanensa 'yan ƙabilar Chewa ne, manoman masara da taba. Taba ce ke kawo kuɗi, masara kuwa ita ce rai: da garinta ake tuƙa nsima, tuwon da ake ci dare da rana da miyar ganye ko wake. Damina na faɗuwa wajen Nuwamba ko Disamba, ta ɗauke a Afrilu. Janairu da Fabrairu ne watannin wahala, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabuwar masara kuma ba ta nuna ba.

A farkon shekarun 2000, dare a ƙauyen na farawa ne da faɗuwar rana. Kusan duk lantarkin Malawi daga madatsun kogin Shire yake fitowa, can kudu, kuma a lokacin ko kashi 10 cikin ɗari na mutanen ƙasar ba sa samunsa. A karkara sai aci-balbal mai hayaƙi, kananzir kuma da tsada. Ana gama cin tuwo sai kowa ya nemi makwanci. Ɗalibi ba shi da lokacin bita. Rediyo, wadda ita ce ke haɗa gida da duniya, tana yin shiru da zarar batura sun mutu.

A kan wannan ne yunwar 2001 zuwa 2002 ta sauka. Ambaliya da ɗaukewar ruwa sun lalata masara, ga shi an riga an sayar da hatsin da gwamnati ta tara domin irin wannan rana. Sai a Fabrairun 2002 Shugaba Bakili Muluzi ya ayyana dokar ta-ɓaci. Kasungu na cikin wuraren da abin ya fi muni. Mutane sun koma cin dusa, magidanta na yawon ƙwadago a gonakin wasu domin abin da za a sa a baka, ana sayar da awaki da kayan ɗaki a wulaƙance. A gidan su William Kamkwamba, wani yaro ɗan Masitala, an koma cin abinci sau ɗaya a yini, kuɗin makarantar sakandare kuma, kimanin dala 80 a shekara, ya gagara. Yaron ya dawo gida yana ɗan shekara 14.

A makarantar firamaren Wimbe akwai ɗan ɗakin karatu, 'yan kantoci kaɗan na littattafan da aka kawo gudummawa daga Amurka. Can ya riƙa zuwa don kada karatu ya bar shi. Turancinsa bai yi ƙarfi ba, zane-zanen littattafan kimiyya yake bi har ya gane abin da rubutun ke nufi. A bangon wani littafi mai suna Using Energy ya ga jerin manyan fankoki da iska ke juyawa su ba da wuta. Littafin bai koya yadda ake ƙera su ba. Amma yaron ya daɗe yana kwance rediyoyi yana gyarawa, ya kuma san dinamon keke, wanda ke kunna fitila muddin taya na juyawa. Abin da ya rage shi ne iska ta karɓi aikin ƙafa.

Kayan aikin duk daga ƙauyen suka fito. A bolar ƙarafa ta wata tsohuwar gonar taba ya samo fankar tarakta da shakazoba. Ya tsaga bututun roba, ya gasa a wuta, ya miƙar da shi ya zama fukafukai. Ba shi da abin huda, sai ya kafa ƙusa a totuwar masara, ya riƙa gasa ta yana huda robar. Murafan kwalabe da ya daddaƙe su suka tare ƙusoshi. Mataccen keken mahaifinsa ya zama gangar jikin injin, mai walda a kasuwa ya haɗa ƙarafan, wani abokinsa, ɗan sarkin Wimbe, ya saya masa dinamo da kuɗin aljihunsa. Da itacen turare suka kafa hasumiya mai kimanin mita 5. Masu wucewa na ce masa mahaukaci, wasu na cewa wiwi yake sha, har ranar da fukafukan suka juya, ƙwan lantarki ya kama a hannunsa.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, alhali a nan ne ainihin aikin ya fara. Iska ba ta da alƙawari. Takan kaɗa da rana lokacin da babu mai buƙatar fitila, ta kwanta da dare, ƙwai ya yi ta lumshewa yana mutuwa. Dole a sami inda za a tara wutar, shi ya sa aka nemo batirin mota. Sai dai dinamon keke wuta mai kai-da-komo yake bayarwa, batir kuwa mai bin hanya ɗaya yake karɓa. Ɗan ƙaramin abin da ake kira diyod, wanda ya ciro daga tsohuwar rediyo, shi ne ya warware matsalar: yana barin wuta ta shiga batir, ya hana ta komawa baya idan fankar ta tsaya.

Akwai kuma haɗarin guguwa. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka takwas, don haka injin da ke tafiya lafiya da safe na iya kacancana kansa da yamma. Kacar keken ta yi ta zamewa tana tsinkewa, hawa gyaranta kuma ya sha yanka masa hannu, har ya musanya ta da bel. Wayoyin da ya ja cikin gida tsofaffi ne, rufin kuma na ciyawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara. Don haka ya ƙera abin katse wuta da ƙusoshi biyu da aka naɗe da waya da maganaɗisun lasifika. Makunnin fitila kuwa da robar silifas ya yi shi. A ganina wannan ɓangaren ya fi kunna ƙwan farko nuna hankalin yaron, domin mai son burge jama'a ba ya damuwa da abin da zai faru da rufin ɗakin uwarsa.

Abin da injin ya iya ba shi da yawa: ƙwai huɗu, rediyo biyu, da cajin wayoyin maƙwabta, waɗanda suka fara layi a ƙofar gidan. Amma gida guda a Masitala ya daina sayen kananzir, yara sun sami karatun dare. Ba kowa ne ya yi murna ba. Da ruwa ya sake yin gardama bayan 'yan shekaru, an sami masu cewa hasumiyar ce ke kore hadari, kayan maita ce.

A 2006 wani jami'in ilimi, Dokta Hartford Mchazime, ya ji labari, ya zo ya ga injin, ya dawo da 'yan jarida. Jaridar Daily Times ta buga, a 2007 aka gayyaci William taron TED a Arusha ta Tanzaniya. Daga nan ya koma makaranta, har ya kammala Kwalejin Dartmouth a Amurka a 2014. Littafin da ya rubuta tare da Bryan Mealer, The Boy Who Harnessed the Wind, ya fito a 2009, Chiwetel Ejiofor ya mai da shi fim a 2019.

Fim ɗin ya nuna fankar tana jawo ruwa a tsakiyar yunwa tana ceton gonaki. A zahiri injin farko fitila ya kunna, ruwa ya zo daga baya. Da tallafin da ya biyo bayan Arusha aka haƙa rijiyar burtsatse a gidan, aka sa mata famfo mai aiki da hasken rana, aka ƙara wata fanka mai jan ruwa zuwa lambu. Matan unguwa suka samu ruwan sha kusa da gida, iyalin kuma suka fara noman rani.