Fuskar Mutumin Arewa a Hannun Sababbin Masu Zane

Zanen fuska, wato fitar da kamannin wani mutum takamaimai a kan takarda ko ƙyalle har wanda ya san shi ya shaida shi, bai daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa ba, duk da sunan da ƙasar ta yi wajen ado. Gwanintar magabata ta karkata ne ga zayyanar Alƙur'ani, da ɗinkin aska takwas a gaban riga, da murɗa dagi a bangon soro, waɗanda galibinsu ba sa kwaikwayon abu mai rai. Hadisai sun yi kashedi mai tsanani ga masu yin sura, ko da yake malaman Malikiyya sun bambanta sura mai inuwa, wato mutum-mutumin da aka sassaƙa, wadda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda, wanda yawancinsu ba su kai shi ga haramci ba.

Sashen koyar da zane da aka ɗauko daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta gada a 1962, shi ne ya buɗe ƙofar. Sai dai ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, 'yan kudu ne, don haka makaɗi Bahaushe da mahayi Bafillace suka shiga zanen zamani a matsayin abin kallo, alhali burushin yana hannun baƙo.

Wannan yanayi na ganin mutumin Arewa ta idon baƙo ya fi fitowa fili a yammacin Zamfara. Duniya ta fara ganin fuskokin mutanen Sunke da Bagega da Dareta a ƙaramar hukumar Anka, da na 'Yargalma a Bukkuyum, a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Hotunan da suka bazu, na uwa rungume da ɗa mai jijjiga ko na saurayin da ƙurar injin niƙa ta rufe wa gira, gaskiya suka nuna kuma sun jawo agaji, amma sun bar mutanen da kama guda tak, ta ranar musiba.

Irin wannan giɓi ne Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta yi karatun aikin jinya, ta nufi cikewa da shirinta na hotuna mai suna Bits of Borno, wanda ta fara a Instagram a 2015, inda ta riƙa ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar Sallah a jihar da ba a jin labarinta sai na Boko Haram. Williams Chechet, wanda ya tashi a Kaduna, ya bi wata hanyar a jerin ayyukansa We Are The North, yana ɗauko fuskokin talakawan Arewa ya lulluɓe su da launuka masu ƙarfi irin na allunan talla, har mai rawani ko mai hula ya cika bango kamar wani tauraron fim.

Salon da ya fi jan matasa kuwa shi ne zanen fensir da gawayi mai kama da hoton kyamara, wanda a cikinsa mai zane kan shafe makonni yana fitar da ƙofofin gashi ɗaya bayan ɗaya, yana goge baƙin da ɗan magogi don ɗigon gumi ya yi ƙyalli. Eli Waduba na Kaduna ya yi fice da shi a 2019, bayan ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart ya ga zanen fuskarsa a Twitter ya nemi saye. Haƙurin abin yabo ne, sai dai kwafin hoto ba ya ƙara wa mai kallo sanin wanda aka zana, kuma kasuwar salon ta dogara ga masu iya biya, wato gwamnoni da sarakuna da amaren masu hali. Manomin Gummi da mai haƙar zinariya a Sunke ba sa ba da aikin zane, kuma manyan ɗakunan baje kolin da masu saye ke zuwa suna Legas da Abuja ne.