Wa Ke Biyan Mai Jego?

Da yawa cikinmu da muka zo koyon aikin malanta muna lissafin albashin da za mu soma karɓa, amma kaɗan ne suka taɓa tambaya me zai faru da albashin nan ran da haihuwa ta zo. Ga shi kuwa 'yan'uwanmu mata galibi suna yin aure ne a shekarun nan na farkon aiki.

Hutun mai jego ba baƙon abu ba ne a ƙasar Adamawa. Tun kaka da kakanni mace takan tafi gidan iyayenta goyon ciki, musamman a haihuwar fari, ta yi wanka, ta sha kunun kanwa, ba ta komawa aiki sai ta yi arba'in. Dangi ne ke ɗaukar nauyinta. To, yanzu da mace ta zama mai albashi, an miƙa nauyin nan ga wani, sai dai kowace ƙasa da wanda ta ɗora wa.

A Nijeriya Dokar Ƙwadago, sashe na 54, ta ba ma'aikaciya mako shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, da mako shida bayan haihuwa. In ta yi wata shida tana aiki a wurin, a biya ta aƙalla rabin albashinta. Ba a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. In ta dawo kuma tana da rabin sa'a sau biyu a yini domin shayarwa. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya sun fi haka samu: mace tana da aƙalla mako 16 da cikakken albashi, kuma a 2021 aka yarda a ba uba kwana 14. Jihohi kowace da ƙa'idarta. Legas ta mai da hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019.

Abin lura shi ne daga aljihun wa kuɗin ke fita. A wurinmu daga aljihun wanda ya ɗauke ta aiki ne. Ga Gwamnati wannan da sauƙi. Amma ku duba ƙaramar makarantar kuɗi a wata unguwa ta Jimeta, mai malamai takwas ko goma, wadda kuɗin makarantar yara kaɗai ke riƙe da ita. Malama guda ta tafi haihuwa, sai mai makaranta ya biya ta rabi, ya kuma nemo wanda zai riƙe ajinta ya biya shi. Ba sai ya zama mugun mutum ba kafin ya fara gudun ɗaukar amarya aiki. Akwai kuma wani ƙulli: dokar nan ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, sabo da haka ana iya yi wa malama gardama cewa ba da ita aka yi ba, sai abin da ke cikin takardar ɗaukarta aiki.

Mutanen Kanada sun bi wata hanya dabam. Suna da asusu na Gwamnati wanda aka kafa domin wanda ya rasa aiki ya sami abin ci kafin ya sami wani. Ana cire ɗan abu daga albashin kowane ma'aikaci, mace ko namiji, mai iyali ko gwauro, shi ma mai ba da aiki ya zuba nasa, har ya fi na ma'aikacin yawa. Kamar adashi ke nan, sai dai ba bi da bi ake kwasa ba, wanda bukata ta sama shi ke kwasa. A 1971 suka ce mai jego ma albashinta ya tsaya, ba kuwa da laifinta ba, sai ta ci daga asusun har mako 15. A 1990 aka ƙara mako 10 na reno wanda uwa ko uba ke iya ɗauka, a 2000 aka kai shi mako 35. Abin da ake biya kashi 55 ne cikin ɗari na albashi, da iyakar da ba ya wucewa, kuma sai mutum ya yi aikin sa'a 600 cikin shekarar da ta gabata. Ba cikakken albashi ba ne, amma mai ba da aiki ba ya jin cewa haihuwar ma'aikaciyarsa hasara ce a kansa shi kaɗai.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar masu arziki. Ku bi Binuwai ku haura zuwa Garwa. A Kamaru hutun haihuwa mako 14 ne, asusun kula da ma'aikata na ƙasa ne kuma ke biyan mace daidai albashinta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a yarjejeniyarta ta shekarar 2000, ta ce mako 14 aƙalla, da kashi biyu cikin uku na albashi, a biya daga inshora ko baitulmali. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi adalci, ko da yake ba ta kai ga kowa. Mai sayar da kifi ko nono a kasuwar Jimeta ba ta da albashin da za a cire wani abu, ita har gobe dangi ne asusunta.

Kafin a sami irin wannan asusu a nan, 'yar'uwa, in an miƙa miki takardar ɗaukar aiki kada ki yi saurin sa hannu. Nemi wurin da aka rubuta hutun haihuwa: mako nawa ne, nawa za a biya, ko za a haɗa shi da hutun ƙarshen zango a ce kin cinye. In ba a rubuta ba, ki roƙa a rubuta tun kina amarya.