Wa Ke Yanke Abin da Ɗan Kebbe Zai Karanta a Jami'a?

Duk shekara idan aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, tambayar iyaye a Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kebbe da Kuchi ba ta wuce biyu: yaron ya samu? Nawa ne kuɗin rajista? A sayar da buhun gero ko ɗan bijimi, a sa yaron a mota zuwa Sakkwato. Da wuya ka ji wanda ya tambayi wa ya tsara darussan da zai shafe shekara huɗu ko biyar yana fama da su.

A zaure amsar a fili take, malam ne ke cewa ka sauke wannan littafi, ɗauko na gaba. Haka aka yi karatu a Tambuwal tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A jami'a kuwa malami ba shi da ikon ƙara darasi ko cire shi don kansa, ko da farfesa ne. Sai ya rubuta takarda: lambar kwas, sunansa, nauyinsa, abin da ɗalibi zai iya in ya gama, da makon da za a koyar da kowane batu. Takardar ta shiga taron sashe, abokan aikinsa su yi mata tankaɗe da rairaya. In ta tsira ta wuce taron tsangaya, daga nan kwamitin tsare-tsaren karatu, sannan majalisar dattawan jami'a, wadda shugaban jami'a ke jagoranta, farfesoshi da shugabannin tsangayu da na sassa ke zama a cikinta. Wannan majalisa ce ke da wuƙa da nama a kan karatu da jarrabawa da ba da digiri. Majalisar gudanarwa, wadda gwamnati ke naɗa shugabanta, harkar kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata ce tata.

In sabon digiri ne gaba ɗaya, maganar ba ta ƙare a nan ba. Sai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta turo mutanenta daga Abuja su ƙirga malamai, su leƙa ɗakin gwaji da laburare. Wannan ne ya kamata uba ya bincika kafin ya biya ko sisi, domin digirin da hukumar ba ta amince da shi ba yana iya hana yaro tafiya bautar ƙasa.

An kafa NUC a 1962 don ba da shawara kawai. Dokar soja ta 1985 ce ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin abin da za a koyar, ta fitar da kundin farko a 1989, aka sabunta shi a 2007. A watan Disambar 2022, lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, na riƙe da hukumar, aka ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS a fannoni 17. Tsarinta shi ne kashi 70 cikin ɗari na darussa daga hukumar, kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata daidai da buƙatar yankinta. An rarraba wasu manyan fannoni, kamar aikin jarida da kimiyyar kwamfuta, zuwa digirori daban-daban, an kuma rage darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Osodeke, ta tayar da jijiyar wuya a tsakiyar 2023. Hujjarta ita ce doka ta ɗora tsara karatu a kan majalisar dattawan kowace jami'a, don haka kawo kashi 70 a dafe ƙwace mata aiki ne. Hukumar ta amsa da cewa malaman jami'o'in ne da kansu suka zauna suka rubuta kundin, kuma a tsohon tsari ma ba a ware wa jami'o'i nasu kason a fili haka ba. Aka fara aiki da manhajar daga zangon karatu na 2023/2024.

Ni a ganina kowanne yana da gaskiyarsa. Likitan da ya fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo dole ya san abin da na Ibadan ya sani, ba a wasa da wannan. Haka kuma kwamiti ɗaya a Abuja ba zai san matsalar kowace gona ba. Sai dai rigimar ta ɗauke hankali daga tambayar da ta fi shafar mutanen kudancin Sakkwato: me aka zuba a cikin kashi 30 ɗin?

Kashi 30 ba ƙaramin abu ba ne, ya haura karatun shekara guda a digirin shekara huɗu. Jami'ar Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, tana da tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi, da gonar koyarwa a Dabagi, da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Gurbin darasi a kan adana albasa don kada ta ruɓe kafin ta yi kuɗi, ko noman rani da famfon sola, ko cututtukan da ke bin garke a burtali, a cikin kashi 30 ɗin yake. Haka Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari, wadda aka ɗaga daga kwaleji a ƙarshen mulkin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal: daga cikinta malaman makarantun Kebbe za su riƙa fitowa, kuma a nata kason ne za ta iya koya musu yadda ake riƙe aji mai cunkoso, ko yadda ake karɓar yaron da ya zo daga makarantar allo ya iya karanta ajami amma bai san boko ba.

Hanya mafi sauƙi ga sashen da aiki ya yi wa yawa ita ce ya kwaso tsofaffin kwasa-kwasan da sabon kundi ya zubar, ya mayar da su ta ƙofar baya, kowane malami ya tsira da darasinsa da tsohuwar takardarsa. Ba laifi ba ne a doka. Kuma babu manomi ko shugaban makarantar firamare a majalisar dattawa da zai ɗaga hannu ya ce a tsaya.

Amma babu abin da ya hana sashe sauraron na waje kafin ya rubuta takardarsa. Ƙungiyar manoman shinkafa, ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar ɗaliban Tambuwal da Kebbe da ke cikin jami'ar, kowannensu na iya rubuta wa shugaban sashe abin da yake gani ya ɓace a karatun yaran da ake turo musu. Teburin shugaban sashen ne matakin farko, kuma shi kaɗai ne matakin da mutumin gari zai iya isa da ƙafarsa.