Ruwan Tiga da Tsuntsayen Baturiya

Wanda ya buɗe famfo a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, in an ci sa'a ruwan ya zo, da wuya ya tuna da Baturiya. Amma fa igiya ɗaya ce ta ɗaure mu. Kogin Kano da na Challawa, inda ake jawo ruwan da muke sha, su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke malala da damina ya cika dausayin Haɗeja-Nguru.

A can dinya da kirinjijiya ke kiwo, da hunturu kuma tsuntsaye kan taso tun daga Turai, su tsallake Sahara su sauka. Shi ya sa aka keɓe Dagona a Yobe da Baturiya a Jigawa. Ita Baturiya ma ta shiga jerin dausayoyin Ramsar a 2008.

To ina matsalar? Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudu rani da damina. Abin da ciyawar kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa.

Mutanen yankin ba su naɗe hannu ba. Masunta da manoma kan yi gayya, su shiga ruwa da lauje da adda, su sare kachala. In hanya ta buɗe, kifi ya samu wurin hayayyafa, tsuntsu ya samu wurin sauka.

Mu da ke saman kogi, duk ranar da aka tayar da maganar rabon ruwan Tiga, mu tuna akwai masu jira a ƙasa.